Kwanon Haris da Saniyar da Na Bar wa Iya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce Sakinatu, 'yar marigayi Malam Shu'ibu na rugar gefen Baturiya, matar Munzali Umara mai bandar kifi a nan Haɗeja. Ina rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba zazzaɓi a jikina, kuma ba wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta kaza. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ManzonSa ne.

Wasiyya ce gare ku 'ya'yana, Adila da Haris da wanda ke cikina da ban ga fuskarsa ba. Adila ta fara haɗa baƙi amma ba ta kai karanta wannan ba, Haris kuwa ko magana bai gama iyawa ba. Don haka na damƙa ta a hannun gwaggonku Bushira, ƙanwar babanku. Ta karanta a ranar da aka shiga da ni tiyata, a gaban babanku, da Iya mahaifiyarsa, da Inna mahaifiyata, da kawunku Ja'afar, duk a zaune wuri ɗaya. Kada a karanta wa wani a bayan idon wani. Idan kun girma ta ba ku ku karanta da kanku.

Jibi za a shiga da ni ɗakin tiyata a ciro ɗan nan. Likita ta ce mabiyiya ta sauko ta tare masa hanya, kuma jinina ya yi ƙasa ƙwarai, irin wanda ko kaɗan ya zuba sai an ji a jiki. Ba ta ɓoye mini komai ba, na kuma gode mata. A littattafan da nake karantawa, idan yarinya ta kwanta irin wannan ciwo, shafi biyu ne sai ga jirgi ya ɗauke ta zuwa ƙasar waje, ta dawo da sabon lalle a ƙafa. Ni adaidaita ce za ta kai ni, rai kuma na Allah ne. Mutuwar ba ta hana ni sukuni kamar yadda abu ɗaya ya hana ni: abin da Haris zai ci idan ba na nan.

1. Haris ya ci abinci a kwanonsa shi kaɗai.

Haris, ga abin da ya same ka, don kada wani ya ba ka labarin a karkace. Kana da shekara ɗaya da 'yan watanni na samu cikin nan. Kamar yadda aka saba a gidanmu da gidan kowa, aka ce nonona ya ɓaci, in ka ci gaba da sha za ka sha ciki. Rana ɗaya aka yaye ka, aka mai da kai ɗakin Iya. Daga baya aka gaya mini a asibiti cewa nonon mai ciki ba ya ɓaci, amma a lokacin ba wanda ya san haka a cikinmu. Iya ta goya ka, ta kwana da kai a ƙirjinta, ba mai cewa ta gaza. Da safe koko, da rana shinkafa da mai da yaji, da dare tuwo miyar kuka, kuma a kwano ɗaya da sauran jikokinta da duk suka girme ka. Iya ta ce kwano ɗaya ke sa 'yan'uwa son juna, yaron da aka ware wa nasa marowaci yake tashi. Kai kuwa mai sanyin ci ne. Kafin ka kai loma baki, ka tsaya kallon kaza, an suɗe miya, ɗan ɓarin kifin da ke ciki ya tafi. Gayan tuwo ake bar maka.

Sai ka fara cika. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Iya tana ɗaga ka tana nuna wa maƙwabta, wai ku zo ku ga ɗan da ya rame a hannun uwarsa, ga shi a hannuna ya zama alhaji. Har ni na yi murna. Gashinka ne kawai ya dame ni, ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara, ga shi ka daina dariya. Ranar da na je awo na tafi da kai. Ma'aikaciyar ta kalle ka sau ɗaya, ta bar ni zaune a benci, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarka. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, tamowa ce mai kumburi, kuma ita ta fi saurin ɗaukar yaro. A ranar aka ba mu gado. Da kumburin ya sace sai ga ainihin jikinka, fata da ƙashi.

Allah Ya tashe ka. Ma'aunin da suke zagaya maka a damtse ya bar ja, ya bar rawaya, ya taɓa kore, amma da ƙyar ya taɓa. Sun ce yaron da ya taɓa faɗawa, komawarsa ba wuya.

Saboda haka, Iya, ina roƙonki don girman Allah. Ya zauna a tabarma ɗaya da 'yan'uwansa, gwiwa da gwiwa, amma ƙaramin kwanon silbar nan mai murfi nasa ne. Babba ya zauna kusa da shi har ya cinye, ko za a daɗe. Ya ci safe da rana da dare, a kuma ba shi ɗan abin taɓawa a tsakani, don cikinsa ƙarami ne. Duk ranar da aka ga ƙafarsa ta cika, a danna. In rami ya zauna, kada a jira babansa ya dawo daga bakin ruwa, kada a jira a ga yadda zai kwana. Asibiti.

2. Abin da za a zuba a kwanon.

A ɗakin da aka kwantar da mu, an koya mana cewa cikar ciki daban, ƙoshin jiki daban. Abinci gida uku ne.

Akwai mai ba da ƙarfi: shinkafa, gero, dawa, masara, alkama, dankali, da mai. Wannan muna da shi har ya yi mana yawa, mu da fadama ke bayan gidanmu. Shi ke sa yaro ya yi gudu, amma ba ya gina shi.

Akwai mai gina jiki: kifi, ƙwai, nono, nama, wake, waken suya, gyaɗa. Shi ke yin tsoka da jini da ƙwaƙwalwa, shi ke warkar da rauni. Shi Haris ya rasa. Nono da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu su ke ƙarfafa ƙashi da haƙora.

Akwai mai tsare jiki daga cuta: zogale, alayyafo, rama, yakuwa, kuka, kabewa, karas, tumatir, gwanda, mangwaro, kankana, lemo. Masu launin ja da rawaya, irin kabewa da karas da manja, su ke tsare ido daga dundumi.

Ba na cewa a yi masa girkin gidan masu kuɗi. Kowane kwano dai a duba, a ga kowane gida ya aiko da wakili. Shinkafa ta zo da wake da ɗan ganye. Tuwo ya zo da miyar da aka daka mata kifi da daddawa. Ɗanwake ya zo da tumatir, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Koko kada ya je masa tsirara: akwai garin da na haɗa na gero da waken suya da gyaɗa, na soya na kai niƙa, yana cikin farin bokiti ƙarƙashin gadona. Bushira ta ga yadda na yi. Kada a bari ya ƙare kafin a haɗa wani. Gishiri a sayi na leda mai sinadarin aidin. Kuma a wanke masa hannu da sabulu, don gudawa ɗaya tana kwashe abin da aka yi wata ana tarawa.

3. Kifi.

Baban Adila, wannan taka ce. Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Tarwaɗa da karfasa suna kwana a kan ragar wayar bandarka, gari ya waye a ɗaure su a kwali, motocin Kudu su kwashe. Abin da gidanmu ke samu shi ne ƙamshin da ke jikin rigarka. Iya takan ce kifi jari ne, ba cefane ba, na kuma san a kansa ta raine ku. Amma ɗan mai bandar kifi ya kwanta a asibiti don rashin abin gina jiki, matan ɗakin kuma da suka ji sana'ar ubansa sai suka bi ni da kallo.

Kafin ka ɗaure kwalin farko, ka fitar da na gida. Ba sai manya ba. Ƙananan nan da ɓaraguzan da ke zuba ƙarƙashin waya, a shanya, a daka su da ƙashinsu, a tankaɗe. Cokali a kununsa, cokali a miyarsa.

4. Ƙwai.

Kajina da ke akurkin bayan madafi na ba Haris kyauta tun ina raye, Bushira shaida ce. Ba sa cikin gado. Ƙwansu nasa ne, ya ci ɗaya kullum, Adila ma ta samu idan sun yi yawa. Wanda ya kai ƙwan nan kasuwa ya sani dukiyar yaro ya taɓa.

Iya, na san abin da za ki ce, yaron da ya saba da ƙwai zai bi kaza har akurkin maƙwabta, ya tashi ɓarawo. Ki yi haƙuri da ni. Ba yaran da suka kai 'ya'yan masu shayin bakin tasha cin ƙwai a garin nan, ban kuma taɓa jin an kama ko ɗaya ba. Tarbiyyarki ce za ta hana shi sata. Na ga 'ya'yan da kika haifa, ba na shakka.

5. Adila.

'Yata, a littafi na tsinci sunanki tun ina budurwa, na ɓoye shi a raina har kika zo. Ke idonki na kan taliyar yara da alewa da lemon kwalba. Ba haram ba ne, na ranar Sallah ne da ranar murna. Suna cika ciki su bar jiki da yunwa.

Ki ji wannan da kyau, don ke mace ce. A gidajenmu mace ke dafawa, ita ke rabawa, ita ce ƙarshen ci. A ba maigida, a ba baƙo, a ba yara, ita ta kankare ƙanzo ta ce ta ƙoshi. Haka Inna ta yi, haka Iya ta yi, haka na tarar. Jinin mace kuwa kullum a kan hanyar fita yake, wata-wata da haihuwa-haihuwa. Na samu cikin nan ban gama mai da jinin haihuwar Haris ba, shi ya kawo ni inda nake. Idan kin fara girma ki riƙe wake, zogale, kifi, da hanta duk ranar da aka yi yanka. Ki matsa lemon tsami ko ki yanka tumatir a kai, yana taimaka wa jiki ya ɗebi abin da ke ƙara jini. Shayi kuma kada ki kora abinci da shi, yana hanawa, ki ba shi tazara. Idan kika ji ranki na son farar ƙasa, ko jiri na ɗibarki, ko cikin idonki ya yi fari, ba kwaɗayi ba ne, ba kuma aljanu ba. Ki je a auna jininki. Ki zuba naki tare da na kowa, ba rashin kunya ba ne.

Ki kula da ƙanenki, amma ba na ɗora miki shi. Ke ma yarinya ce. Ki yi karatunki.

6. Wanda ke tafe.

In mace ce, Najwa nake so. In namiji ne, babansa ya zaɓa. Idan na fito ban farfaɗo da wuri ba, a sa mini shi a ƙirji ya sha. Kada a matse dakashi, nonon farkon nan, a zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafinsa na farko. Idan kuwa ban fito ba, Bushira tana shayarwa, ta kuma yi mini alkawari za ta haɗa shi da nata. A ciyar da ita kamar mai jego biyu. Har ya cika wata shida kada a ba shi ruwa, ko jiƙo, ko kunu, ko nonon saniya, duk zafin da za a yi.

7. Ƙananan amanoni.

Akwai ramuwar azumin bana a kaina. A tambayi malami abin da ya dace, in ciyarwa ce a yi ta da shinkafa da wake. Turmin da ke tsakar gida na maƙwabciyata 'Yar'azumi ne, a mayar mata, da littattafanta da ke ƙarƙashin matashina. Akwai wanda ban ƙarasa ba, kada ta ji komai. Nawa da ke cikin akwatin ƙarfe na bar wa Bushira, ta ajiye wa Adila masu kyan har ta isa. Sauran abin da na mallaka a raba yadda Allah Ya raba, ba ni da ta cewa, sai abu ɗaya da zan faɗa a ƙasa.

8. Kada a raba 'ya'yana.

Ranar da aka kwantar da ni a ƙara mini jini, Inna da Iya kuna bayan labule, kun ɗauka barci nake. Inna ta ce in wani abu ya faru, Haris ruga zai koma, tunda an gwada shi a birni an ga yadda ta kaya. Iya ta ce jikan Umara ba zai kwana a bukka ba tana numfashi, in kina so ki ɗauki macen. Na ji duka. A waje kuma Baban Adila da Ja'afar suna zaune a benci ɗaya, kowa da auduga a hannu, sun ba ni jininsu, ba wanda ya ce wa wani sannu.

Inna, na san shari'a na iya ba ki su, ke ce uwar uwa. Ina roƙonki kada ki nema. A ruga akwai nono da fura kamar ruwa, amma ba kifi, ganye sai damina, kuma idan ruwa ya cika, hanya ta yanke, asibiti ya yi wa yaro irin Haris nisa. A gidan Iya akwai shinkafa da kifi da asibiti kusa, amma rabon da nono ya shiga gidan an daɗe. Kowaccenku rabin kwanon yaron nan ke hannunta. Su zauna a Haɗeja su duka. Idan an yi hutu da rani a kai miki su tare, a dawo da su tare.

9. Rantsuwa, da saniya.

'Ya'yana, ga asalin abin. Kakar da ta wuce waccan, shanun da kawunku Ja'afar ke kiwo suka faɗa gonar shinkafar Iya ana gab da yanka, suka yi ɓarna mai yawa. Manya suka zauna aka sasanta, amma bakuna sun riga sun yi aiki. Aka ambaci asalin kowa. Iya ta rantse nonon garken nan ba zai sake shiga gidanta ba. Ja'afar ya rantse ba zai sake taka zaurenta ko ya ci kifin gidan ba. Kafin nan duk ranar kasuwa Inna na aiko mana da ƙwarya cike. Da ƙwaryar nan tana zuwa lokacin da aka yaye Haris, Allah ne masani, amma ni ina ganin da bai kwanta ba. Ba na ɗora wa kowa. Shinkafar ta sake tsirowa, an yanka, an ci. Yaron ne ya biya.

Na tambayi malamar Islamiyyarmu. Ta ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga akwai mafi alheri, ya yi mafi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Iya, Yaya Ja'afar, ku yi taku rana ɗaya, a tukunya ɗaya. Shinkafa da kifi daga Iya, nono da man shanu daga ruga.

A garken akwai shanuna uku da Baffa mahaifina ya ba ni tun yana raye. Mai farin goshin nan da ta haihu da damina, ita da ɗan maraƙinta, na bar wa Iya. An lissafa mini, tare da sauran abin da na mallaka ba ta wuce sulusi ba, Iya kuma ba ta cikin magadana, don haka ba mai ikon hanawa. Iya, ba jikokinki na ba, ke na ba. Ki ɗaure ta a gindin darbejiyar bayan gida, dusar shinkafa da harawar wake ba sa yankewa a gidan nan. A tatsa, a tafasa, Haris ya sha kofi safe da yamma, Adila ma haka, ke ma ki sha don gwiwoyin nan naki. Idan nononta ya ƙafe, Ja'afar ya musanya miki da wata mai shayarwa.

Wannan ɗaya ba ta jiran mutuwata. Ko na fito ko ban fito ba, saniyar taki ce. Na riga na aika wa Ja'afar, ya ce zai taso da ita ranar Juma'a. Na san halinsa, zai tsaya a ƙofar gida riƙe da igiya, ba zai yi sallama ba, ba kuma zai daɗe a tsaye ba. Iya, a lokacin ina can inda Allah Ya ajiye ni, ba ni da bakin roƙonki. Idan kika ji kukan saniya a waje, ki ɗauki Haris a kafaɗa ki fita da kanki.

Duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni na yafe wa kowa. Baban Adila, na ji daɗin zama da kai, Allah Ya saka maka da alheri. Inna, Iya, na bar muku su a hannu biyu, kada ɗaya ta saki don ɗaya ta riƙe.

Adila, Haris, da kai ko ke da ban sani ba: Allah Ya raya ku cikin Musulunci da lafiya, Ya ba ku jiki mai ƙarfi da zuciya mai taushi, Ya sa ku tsaya a kan salla. Ku na ruga ne, ku na bakin kogi ne, kada wani ya sa ku zaɓa. Ku riƙe juna, ku riƙe dangin uwa da na uba, ku riƙa sa ni a addu'a. Na ba Allah ajiyarku, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata.

Mahaifiyarku,
Sakinatu Shu'ibu
Haɗeja